SHIN RAYUWAR ƊAN ADAM AIKIN BANZA CE?

Da sunan Allah ake farawa, kuma gare Shi ake neman dacewa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata tambaya wadda takan faɗo wa mutum ba sallama, galibi da tsakar dare, ko kuwa a kan hanyar komowa daga maƙabarta. Ma'aikaci ya yi shekara talatin yana sammako zuwa ofis, ran nan aka sallame shi, kafin wata ya zagayo an ɗora wani a kujerarsa, an manta da sunansa. Manomi ya yi sharar gona, ya yi shuka, ya yi noma, ya girbe, aka cinye, bazara ta komo ya sake ɗaukar fartanya. Sai zuciya ta ce, to, duk wannan na mene ne? Mutane da yawa idan ta zo musu sukan yi a'uziyya su juya kwanciya, suna ɗauka waswasi ne kawai. A'uziyya kam ba ta da laifi, amma tambayar takan komo, kuma manyan masana, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, sun ɓata shekaru a kanta. Wasu ma a kanta suka rasa rayukansu. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san abin da aka faɗa, ya kuma san inda ƙafar kowace magana ta tsaya.

Marubutan Faransa na ƙarni na 20 suna da wata kalma da suke kiran wannan hali da ita, wadda Larabawa da suka zo fassara littattafansu suka mayar da ita al-abas. Ɗalibin fiƙihu ya san kalmar tun daga babin salla, domin kuwa a cikin Muhtasar an lissafa wasa da gemu a cikin makaruhan salla, kuma da wannan kalma aka kira shi. Abas shi ne motsin da ba ya nufin komai, hannu yana aiki amma ba inda aikin ya dosa. To, abin da masu wannan ra'ayi suke faɗa shi ne, rayuwa dukkanta, tun daga zanen goyo har zuwa likkafani, irin wannan motsi ce.

Wanda ya fi kowa suna a kan maganar shi ne Albert Camus, wanda ake furta sunansa Kamu. Bafaranshe ne, amma haihuwar Aljeriya, cikin shekarar 1913. Bai cika shekara guda a duniya ba aka kashe ubansa a Yaƙin Duniya na Farko. Uwarsa ba ta iya karatu ba, ga ta da nauyin ji, kuma da aikatau a gidajen mutane ta rene shi a wata unguwar talakawa ta birnin Aljiyas. Yana ɗan shekara 17 tarin fuka ya kama shi, ya raba shi da ƙwallon ƙafa wadda yake tsaron gida a cikinta, ya kuma nuna masa mutuwa ƙuru-ƙuru tun bai tara gemu ba. A shekarar 1942, lokacin da sojan Jamus ke riƙe da birnin Faris, ya fitar da littattafai biyu. Ɗaya labari ne mai suna L'Étranger, watau Baƙo, ɗayan kuwa bahasi ne na falsafa mai suna Le Mythe de Sisyphe, watau Tatsuniyar Sisifu.

A cikin na biyun ne ya shimfiɗa hujjarsa, kuma bai yi kewaye-kewaye ba. Ya fara da cewa babbar matsalar falsafa ita ce ko rayuwa ta cancanci a ci gaba da ita, ko kuwa gara mutum ya kashe kansa ya huta. Sauran matsaloli duk a bayan wannan suke. Sa'an nan ya bayyana abin da yake nufi da abas. A ganinsa ɗan Adam yana da ƙishirwar sanin dalili, yana son a gaya masa abin da ya kawo shi da inda za shi, duniya kuwa ba ta tankawa. Rana tana fitowa a kan mai adalci da azzalumi daidai wa daida, kuma ƙasa tana cin jariri kamar yadda take cin tsoho. Abas ba a cikin mutum yake shi kaɗai ba, ba kuma a cikin duniya ita kaɗai ba, a wurin haɗuwarsu yake, kamar mutumin da ya tsaya a ƙofar kango yana ta kwaɗa sallama. Da ba ya sallama da ba a san shirun ba, da kuma akwai kowa a ciki da sallamar ba ta zama wauta ba.

Daga nan ya ce hanyoyi uku ne a gaban wanda ya gane haka. Ko dai ya kashe kansa, wannan kuwa Kamu ya ƙi ta, domin a wurinsa miƙa wuya ce. Ko ya rufe ido ya yi tsalle zuwa cikin imani, kamar yadda ya zargi Kirkegad, masanin falsafa na ƙasar Denmak, da yi, wannan ma ya ƙi ta, ya kira ta kashe hankali. Ko kuwa ya tsaya cak a ƙofar kangon, ya san ba za a amsa ba, bai kuma tafi ba, ya yi rayuwarsa da ido buɗe, cikin tawaye, ba tare da sa rai da wata gobe ba. Ita ce ya zaɓa, kuma domin ya misalta ta sai ya ɗauko wata tatsuniya ta Yunanawan dā. Sisifu wani sarki ne mai wayo wanda ya yaudari gumakan da suke bauta wa, suka yanke masa hukuncin ya riƙa tura wani ƙaton dutse zuwa ƙololuwar tsauni, da ya kusa kaiwa sai dutsen ya gangaro, ya sauko ya sake, haka nan har abada. Kamu ya ce wannan shi ne kowane ma'aikaci, kuma abin da ya fi jan hankalinsa shi ne lokacin da Sisifu ke saukowa yana bin dutsensa, yana sane da halin da yake ciki. Ya rufe littafin da cewa ya kamata a ƙaddara wannan mutum yana cikin farin ciki, tun da dutsen nasa ne, kuma raina hukuncin da yake yi ya ɗaga shi bisa hukuncin.

Adalci ya wajaba a yi wa mutumin. Bai yi wa kowa kiran ya halaka kansa ba, ya ma rubuta littafin ne domin ya toshe wannan ƙofa. Kuma siffar da ya yi wa rayuwar da aka yanke ta daga Lahira siffa ce ta gaskiya, wadda Alƙur'ani mai girma ya riga shi yinta. A Suratul An'am aya ta 32, da Suratul Ankabut aya ta 64, da Suratul Hadid aya ta 20, an siffanta rayuwar duniya da wasa da shagala. Mawaƙan wa'azi na ƙasar Hausa ma ba su bar wa duniya mutunci ba, kuma tun kafin a ji sunan wani Bafaranshe masu iya magana sun ce duniya budurwar wawa, sun ce rumfar kara ce. Saɓanin yana wani wuri dabam, za a zo kansa.

Tambayar dai ba Turawa suka ƙago ta ba. A Suratul Jasiya aya ta 24 an ba da labarin wasu Larabawan Jahiliyya waɗanda suka tafi a kan cewa babu wata rayuwa bayan wannan, kuma shuɗewar zamani ce kaɗai ke halaka mutane. Daga kalmar dahar, watau zamani, malamai suka ciro musu suna Dahariyya. Bayan su da ƙarnoni aka yi Abul Ala'i Al-Ma'arri a ƙasar Sham, wanda aka haifa a 973 ya rasu a 1057. Agana ta makantar da shi yana ɗan shekara huɗu, amma ya zama ɗaya daga cikin gwanayen Larabci na kowane zamani. Ya je Bagadaza ya yi ƙasa da shekara biyu, ya komo garinsu ya kulle kansa a gida kusan shekara hamsin, yana kiran kansa fursunan kurkuku biyu, makanta da ɗaki. Ya bar cin nama da ƙwai da madara da zuma, ya ƙi aure, domin a ganinsa haihuwa laifi ne da iyaye ke yi wa 'ya'ya, har an ruwaito ya yi wasiyya a rubuta wannan ma'ana a kan kabarinsa. Diwaninsa Luzumiyyat cike yake da wannan baƙin gani. Malamai sun yi saɓani a kansa tun yana raye, wasu suka ce zindiƙi ne, wasu suka kare shi suka ce mai zuhudu ne da ya tsananta, kuma a cikin waƙoƙinsa kowane ɓangare yana samun abin kafa hujja. Taha Husaini na Masar, wanda shi ma makaho ne, a kansa ya rubuta kundin digirinsa na dakta a 1914.

Akwai kuma wani misali wanda ya yi tafiya mai nisa. A cikin Kalila wa Dimna, littafin da Ibnul Muƙaffa'i ya mayar Larabci daga Farisanci a tsakiyar ƙarni na 8, likita Barzawaihi ya kwatanta ɗan Adam da wani mutum da giwa ta koro, ya faɗa rijiya, ya kama wasu rassa biyu da suka tsiro a bakinta. Ya duba ƙafafunsa ya ga macizai huɗu sun leƙo, ya duba ƙasa ya ga wani dodo ya wangame baki yana jiransa, ya ɗaga kai ya ga ɓeraye biyu, fari da baƙi, suna gaigayar rassan ba hutawa. Yana cikin haka sai ya hangi ɗan zuma kusa da shi, ya kai baki, zaƙin ya mantar da shi komai har ya faɗa. Rijiyar ita ce duniya, ɓerayen dare da rana, dodon mutuwa, zumar kuwa ɗan daɗin da ke shagaltar da mutane.

Wannan misali ne Tolstoi, babban marubucin Rasha, ya ɗauko a cikin wani ɗan littafi na iƙirari da ya rubuta wajen 1879. A lokacin yana da kimanin shekara hamsin, ga lafiya, ga gonaki, ga iyali, ga sunan da ya cika Turai. Amma sai ya wayi gari zumar ta daina yi masa zaƙi, ba abin da yake gani sai ɓerayen da dodon. Ya faɗa da bakinsa cewa ya kai yana ɓoye igiya daga ɗakinsa, ya kuma daina fita farauta da bindiga, don tsoron abin da zai yi wa kansa. Ya nemi amsa a wurin masana kimiyya da falsafa bai samu ba, sai a wurin talakawan ƙauye, waɗanda suka fi shi wahala nesa ba kusa ba, amma suna karɓar ciwo da mutuwa cikin natsuwa saboda imaninsu. Cocin Rasha ta raba gari da shi a 1901, kuma a 1904 shi da Shaihu Muhammadu Abduh, Muftin Masar, sun yi musayar wasiƙu na girmamawa. Kamu da Tolstoi rijiya ɗaya suka leƙa, ɗaya ya ce a ci gaba da riƙon reshe ana harara, ɗaya ya ce lalle akwai wanda ya haƙa rijiyar.

Amma wanda labarinsa ya fi kusa da ɗalibin ilmi shi ne Imamu Abu Hamid Al-Gazali, wanda aka haifa a Ɗus a 1058, shekara guda bayan rasuwar Al-Ma'arri. Shi ya ba da labarin da kansa a cikin Al-Munƙizu minad Dalal. Tun yana saurayi ya lura 'ya'yan Kirista suna tashi Kirista, 'ya'yan Yahudu suna tashi Yahudu, 'ya'yan Musulmi suna tashi Musulmi, sai ya ƙudura ba zai yarda da komai don gādo kawai ba. Ya gwada gani da ji, ya tarar ido yana ganin inuwa kamar a tsaye take alhali tana tafiya, yana ganin tauraro kamar dinari alhali lissafi ya nuna ya fi ƙasa girma. Ya koma ga hankali, sai ya ce, tun da hankali ya ƙaryata ido, me zai hana a sami wani alƙali a bayan hankali wanda zai ƙaryata shi, kamar yadda farkawa ke ƙaryata mafarki? Ya yi kusan wata biyu a cikin wannan ciwo na shakka, har Allah Ya yaye masa, kuma ya ce da wani haske da aka jefa masa a ƙirji ya warke, hujjojin da ya tsara ba su isa ba.

Ciwo na biyu ya fi na farko tsanani. A 1091 aka ba shi kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, wadda babu irinta a duniyar Musulmi a lokacin, ɗalibai ɗari uku suna zama gabansa. Bayan shekara huɗu ya binciki niyyarsa, ya tarar neman girma da suna ne ke tura shi, ba neman yardar Allah ba. Watau dutsen da yake turawa kullum, ko da yake sunansa karantar da addini, ya gano ba ya zuwa ko'ina. Ya yi wata shida yana kai gwauro yana kai mari, yau ya ɗaura niyyar tafiya gobe ya kwance, har harshensa ya ɗaure, ya kasa furta kalma guda a gaban ɗalibai, abinci ma ya ƙi shiga. Likitoci suka ce abin daga zuciya ya sauko wa jiki. A ƙarshen 1095 ya rabar da dukiyarsa sai ɗan abin da zai riƙe iyali, ya bar Bagadaza, ya zauna Dimashƙa da Baitul Muƙaddas, ya yi aikin Hajji, bai koma koyarwa a makarantar hukuma ba sai 1106 a Naisabur. A tsakanin nan ne ya rubuta Ihya'u Ulumid Din. Duk wanda ke cewa wannan tambaya ta marasa imani ce kaɗai, to, ya san ta kwantar da Hujjatul Islam.

Yanzu sai wurin saɓani. Alƙur'anin da ya kira duniya wasa, shi ne kuma ya kore wasa daga halitta. A Suratul Mu'minun aya ta 115 an yi wa mutane tambaya ta inkari a kan zaton da suke yi cewa an halicce su ne a banza kuma ba za a mayar da su ga Ubangijinsu ba, kuma kalmar da ta zo a ayar ita ce abas ɗin nan dai, ba wata ba. Ma'anar ta maimaitu a Suratu Sad aya ta 27 da Suratud Dukhan aya ta 38. Mai lura zai ga ayar Mu'minun ta ɗaure abubuwa biyu da igiya ɗaya, zaton banza da musun komawa. Idan babu komawa, to, abas ya tabbata, kuma Kamu ya yi gaskiya. Idan akwai komawa, to, abin da ake gani a nan rabin magana ne, wanda ya yanke hukunci a kansa kamar wanda ya shiga majalisar alƙali ne ya ji mai ƙara, ya fita kafin a kira shaidu.

Shi kansa Kamu bai ce ya tabbatar babu kowa a cikin gidan ba. Abin da ya ce shi ne bai sani ba ko duniya tana da wata ma'ana da ta wuce ta, kuma ba shi da hanyar sani. Ashe shirun da ya gina littafinsa a kai ɗauka ya yi tun farko, bai kafa masa hujja ba. Da'awar Musulmi kuwa ita ce an amsa sallamar, wani ya fito daga gidan da saƙo, a wani gari sananne, a wani zamani sananne, kuma saƙon yana nan ana iya bincikensa. Mutum yana iya bincikawa ya gaskata, yana iya ƙaryatawa, amma ba a ce masa ya rufe ido ya yi tsalle ba. Malaman tauhidi na Ash'ariyya da yawa sun tafi a kan cewa nazari shi ne farkon wajibi a kan baligi, har suka yi ta muhawara a kan ingancin imanin mai koyi ba hujja. Babban mai tsanantawa a wannan babi shi ne Shaihu Muhammadu ɗan Yusufu As-Sanusi, mai Ummul Barahin, littafin da aka daɗe ana karantawa a zaurukan ƙasar Hausa. Mutumin Tilimsan ne, ya rasu a 1490, watau ɗan ƙasar da aka haifi Kamu. Abin mamaki ne a ce mutum ya tashi a tsakiyar miliyoyin Musulmi, ya rubuta kundinsa na jami'a a kan falsafar Yunanawa da Kiristanci, amma idan ya zo muhawara da imani bai san wani imani ba sai na Kirkegad.

Shi ma dutsen Sisifu yana da 'yan'uwa a cikin Alƙur'ani da Hadisi, kuma gwada su da juna yana da amfani. A Suratun Nahli aya ta 92 an hana masu warware alkawari su zama kamar macen da ta kaɗa zarenta ya yi ƙarfi sa'an nan ta warware shi, kuma masu tafsiri sun ambaci wata mace a Makka wadda haka take yi, ta kaɗa da safe ta warware da yamma. Aikin banza ke nan sak. Amma a tatsuniyar Yunanawa daga sama aka ɗora wa mutum aikin banza don a wulaƙanta shi, a ayar kuwa hannun mai aikin ne ke rushe abin da ya gina. Sai kuma Nana Hajara, wadda ta yi ta kai da kawowa tsakanin Safa da Marwa har sau bakwai, tana hawa tana sauka, ba ta ga kowa ba. Wanda ya hango ta daga nesa ba zai bambanta ta da Sisifu ba. Ruwan ma da ya zo, ba a kan Safa ya ɓuɓɓugo ba, ba a kan Marwa ba, sai can wurin da ta ajiye yaron. Gudun nata bai haƙo Zamzam ba, amma ba a bar shi ya faɗi ƙasa banza ba, aka mayar da shi ibada wadda alhazai ke maimaitawa har yau. Kafin ta fara gudun ta riga ta tambayi Annabi Ibrahim, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ko Allah ne Ya umurce shi ya bar su a wannan kwari, ya ce i, kuma a kan wannan amsa ta dogara.

Wanda ya fi kusa da ruhin Kamu shi ne hadisin da Imamu Ahmad ya ruwaito daga Anas, Allah Ya yarda da shi, inda Manzon Allah (S.A.W.) ya yi umurni cewa wanda tashin Ƙiyama ya riske shi da dashen dabino a hannu, idan yana da ikon dasa shi to ya dasa. Babu mai cin 'ya'yan wannan dabino, babu mai zama a inuwarsa. Ta fuskar amfanin duniya aikin ya fi na Sisifu zama banza, domin shi ko dutsensa yana nan gobe. Duk da haka an ce a dasa, saboda ƙimar aiki ba ta rataya ga abin da ya haifar a nan ba, ta rataya ga niyya da kuma Wanda ake yi domin Shi, kuma Suratul Mulk aya ta 2 ta sanya kyan aiki shi ne abin jarrabawa, ba yawansa ba. Kamu kuwa a littafinsa yawan abin da mutum ya ɗanɗana ya fifita a kan kyansa, kuma dole ya faɗi haka, tun da ya riga ya jefar da ma'aunin da ake auna kyau da shi.

A nan ne ginin nasa ya tsage, kuma shi ya fara gani. A labarin Baƙo, wani ma'aikacin ofis mai suna Marso uwarsa ta mutu bai yi kuka ba, bayan 'yan kwanaki ya harbe wani Balarabe a bakin teku, ya ƙara masa harsashi huɗu yana kwance, da aka tambaye shi dalili a kotu ya ɗora wa zafin rana. Idan komai daidai yake da komai, da wace hujja za a ce ya yi laifi? Da wace hujja kuma Kamu ya shiga ƙungiyar masu yaƙar mamayar Jamus a ɓoye, yana shirya jaridarsu Combat, yana sayar da ransa? A 1951 ya fitar da L'Homme révolté, inda ya yarda cewa abas shi kaɗai ba ya hana kisa, ya shiga neman wata iyaka da wani mutunci na ɗan Adam wanda ba a ƙetarewa. Halinsa ya fi falsafarsa kyau. Amma Balaraben nan da aka kashe, har littafin ya ƙare ba a ba shi suna ba, ba a ji yana da uwa ba. Sai a 2013 wani marubuci ɗan Aljeriya, Kamel Daoud, ya rubuta labarin ta bakin ƙanen mamacin, ya raɗa masa suna Musa.

Hujjarsa mafi ƙarfi tana cikin La Peste, watau Annoba, na 1947. Annoba ta rufe birnin Wahran, wani yaro ya mutu cikin azaba a gaban likita da limamin Kirista, likitan ya ce ba zai taɓa son tsarin da ake azabtar da yara a cikinsa ba. Wannan magana ba a amsa ta da tsawa. Musulmi ba ya da'awar ya san hikimar kowace musiba, Annabi Musa ma bai haƙura ba a gaban abin da Halliru ya yi, kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim. Sai dai littafin ya nuna kamar zaɓi biyu ne kawai, ko a yi imani a sallama wa annoba, ko a yaƙe ta ba imani. Sayyidina Umar bai ga haka ba. Da ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke, ya juya da jama'arsa, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya amsa masa da cewa inda za su ɗin ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya zaɓi gefen kwari mai ciyawa ya bar busasshe. Labarin yana cikin Muwaɗɗa. Neman magani da killace gari duk a cikin imani suke.

Wannan ya shafi wanda abin ya wuce tunani ya zama ciwo. Akwai ƙuncin zuciya wanda ba littafi ke kawo shi ba, ba kuma littafi ke maganinsa ba, mutum ya daina barci, ya daina cin abinci, ya fara maganar gara ya mutu. An hana kashe kai a Suratun Nisa'i aya ta 29, kuma ayar da ambaton rahamar Allah ta rufe. Haƙƙin irin wannan mutum a kan danginsa shi ne a zauna da shi, a saurare shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita tare da addu'a. Gorin raunin imani ba ya ƙara masa komai sai nisa. Gazali ma an kira masa likitoci.

Kamu ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1957 yana da shekara 44, ana tsakiyar yaƙin neman 'yancin Aljeriya, wanda ya raba shi da abokai ta kowane ɓangare, domin ya la'anci zaluncin mulkin mallaka tun 1939 amma bai goyi bayan ɓallewar ƙasar daga Faransa ba. Ran 4 ga Janairu, 1960, yana komowa Faris a motar wani abokinsa, motar ta kauce ta daki itace, ya mutu nan take. An sami tikitin jirgin ƙasa a aljihunsa wanda bai yi amfani da shi ba. A cikin jakarsa kuma aka sami rubutun wani littafi da bai gama ba, labarin mutumin da ya je kabarin ubansa ya ga ya girmi mamacin, ya shiga neman asalinsa. Ba a buga shi ba sai 1994. A shafin farko ya sadaukar da shi ga uwarsa, wadda ba ta iya karatu ba, ita kuma ta bi shi a watan Satumba na shekarar da ya mutu.